Sunaye Uku a Lasifikar Illo Mai Jita

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na je kallon Illo Mai Jita, kuma ko na so in manta matan unguwarmu ta Ka'akiyya a Makka ba za su bar ni ba. Har yau idan na shiga shago sayen burodi sai in ga wata ta zunguri 'yar'uwarta, su biyun su duƙar da kai suna duba tumatirin da ba saye za su yi ba.

Wanda bai tashi a wajenmu ba bai san Illo ba. Tsohon makaɗi ne, mai jitar nan da ake jona wa wuta, wadda in ya ja tsirkiyarta sai ka ji kamar babbar mota na hawan tudu da kaya. Yaran yanzu suna ce wa kiɗan rok, mu dai kiɗan Illo muka sani. Ni a Damagaram na tashi, babana direban babbar mota ne, kuma kaset ɗin Illo bai taɓa barin motarsa ba. In zaren ya tsinke, da jan farcen innata yake liƙe shi. Ban gama firamare ba, amma babu waƙar Illo da ban haddace ba, har da inda kaset ɗin babana yake shaƙewa.

Aure ne ya kawo ni Makka, gidan iyayen mijina. Shi direban bas ɗin alhazai ne, rabin rayuwarsa a hanyar Madina. Mahaifinsa, wanda muke ce wa Baba, yana da shagon carbi da darduma a unguwar Misfala. Dattijo ne mai farin gemu, ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, amma in wayar wani ta yi ƙara da kiɗa a gidan, kallo ɗaya yake yi mai wayar ya ji kamar ya jefa ta a rijiya. Da na haifi ɗana na fari, sunan Baba aka sa masa. Ke nan sunaye uku suka haramta a bakina: na ɗan fari, na miji, da na suruki. (Ko yanzu da nake rubutun nan hannuna ba zai iya ba. Na yaron da kakansa dai sunan Annabin nan ne da kifi ya haɗiye, ku ƙarasa da kanku.) A gida Abba muke ce wa yaron. Baba kuwa Takwara yake kiransa, shi ma ya mayar masa da Takwara.

Sai kuma in faɗa muku halina, don ku san irin matar da abin ya faɗa wa. Ni ce mai tashi daga barcin rana in sa yatsa a hancin yaro in ji ko yana numfashi. Ni ce mai tauna dabino kafin in ba shi. Abba yana shekara uku amma bai taɓa sauka matakalar gidanmu ba tare da hannuna a wuyan rigarsa ba. Hajiya, uwar mijina, takan ce in da ana mayar da ɗa ciki da tuni na mayar.

Ruƙayya ce ta kawo labarin. Ƙanwar mijina ce, haifaffiyar Makka, Hausarta rabi Larabci. Ta ce wani tsoho mai jita daga ƙasarmu ya zo umara, samari sun roƙe shi ya yi wasa kafin ya koma, an kama istiraha a hanyar Jidda, can bayan an fita iyakar Harami. Istiraha ita ce irin gidan nan mai katanga da fili da ake haya don biki. Ita ba ta ma san shi ba, fita kawai take so. Da ta faɗi sunansa sai ludayin da ke hannuna ya faɗa cikin miya.

Na kira mijina, ya ce in je, amma kada Baba ya ji. Muka ce wa Hajiya za mu gaida wata ƙawata a unguwar Jarwal. Ta dubi kwallin da na sha, ta shaƙi turaren da na zuba, ta ce a gaishe su. Baba kuwa tun bayan azahar ya fita, ya ce kaya sun iso shago.

Muna shiga istirahar abu biyu idona ya fara gani. Na farko, tamfol da aka ja tsakanin maza da mata, ƙasansa bai kai ƙasa ba. Na biyu, can ta ɓangaren maza, bayan dandamalin makaɗa, tafkin wanka cike da ruwa, babu shinge babu murfi. Na ciro auduga daga jaka na cusa wa Abba a kunnuwa don kada ƙarar kiɗa ta lalata masa ji, na kama hannunsa, na yi wa kaina alkawari ba zan sake shi ba ko da Illo zai sauko ya gaishe ni.

Da ya fito sai na ji wani iri. Tun ina yarinya na ɗauka ƙato ne mai cika ƙofa. Ashe ɗan siriri ne, rawani ya fi fuskarsa girma, wani yaronsa na riƙe da gwiwar hannunsa har ya hau dandamali. Jitar ma ta tsufa, fentin ya goge a daidai inda hannunsa ke kwanciya. Ya yi tari, ya gyara tsayuwa, na ce a raina wayyo, da na zauna a gida da Illon da ke kaina. Sai ya ja tsirkiya ɗaya.

Jama'a, tsufa bai kai yatsun mutumin nan ba. Ƙarar ta shigo min ta tafin ƙafa. Wata tsohuwa 'yar Tawa da ke gefena, wadda tun zuwanmu take ƙorafin ciwon gwiwa, ta miƙe ba tare da ta dafa kowa ba ta rangaɗa guɗa. Ta ce min rabonta da ganinsa tun tana amarya, a lokacin gashinsa ya kai kafaɗa, yana kaɗa jitar a bayan wuyansa. Ta ɓangaren maza tafi ake yi, irin tafin nan namu mai faɗuwa tare kamar daka. Ruƙayya da ta zo ba don shi ba ta ɗaga waya sama ta kasa saukewa. Ni kuwa ina rausaya da rabin jikina, ɗaya rabin na riƙe da Abba.

Sai ya shiga waƙar matafiyin da ya bar gida bai yi sallama ba. Wannan ce babana yake ƙure wa murya in za mu fita gari. Babana ya rasu ina nan, ban samu zuwa ba. Ban san lokacin da na rufe ido ba, na bi waƙar baki da baki, har na tsaya a inda kaset ɗinmu yake shaƙewa, Illo ya wuce ya bar ni. Na ɗaga hannu sama. Hannu biyu na ɗaga.

Da na buɗe ido babu Abba.

Na duba ƙarƙashin kujeru, na ɗaga abayar matan da ban sani ba. Na ƙwala kiran Abba, yara kusan goma suka waiwayo, babu nawa. Sai na tuna ko yana kusa ba zai ji ni ba, ni da hannuna na toshe masa kunne. Daga nan tafkin nan ya faɗo min a rai. Ruƙayya na riƙe ni tana cewa in tsaya ta kira wani saurayi ya duba, ban saurare ta ba. Na ɗaga tamfol na kutsa cikin maza, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya ban san inda ya tsaya ba. Suna darewa ina wucewa har bakin ruwan. Na leƙa. Babu komai sai wata robar lemo tana yawo. Na ce alhamdu lillahi, ina juyowa na ga babbar ƙofa a buɗe, motoci na wucewa a guje a kan titin Jidda.

Abin da ya fi kusa da ni dandamali ne, sai na hau. Wajen hawa ƙafata ta harɗe da wata waya, na fizge ta, ashe ta jitar ce. Kiɗa ya mutu tsit a tsakiyar waƙa. Illo ya dubi jitarsa, ya dube ni. Na ce masa ɗana ya ɓace.

Bai ɓata rai ba, Allah ya saka masa. Ya yafito saurayin da ke gabatar da wasan, ɗan haihuwar nan, ya zo da abin magana a hannu ya tambaye ni sunan yaron. Na ce Abba.

Illo ya ce, "'Yata, rabin wurin nan Abba ne. Ni ma a gidanmu Abba ake ce min. Sunansa na yanka za ki faɗa."

Saurayin kuwa, da yake ya saba da yadda ake yi a nan, a asibiti da makaranta da ko'ina, ya ce in ba shi suna mai uku: na yaro, na ubansa, na kakansa. Shekarun nan duka ko a asibiti Ruƙayya ke faɗa min su, ni sai dai in gyaɗa kai. Na hango ƙofar nan, na hango motocin. Na ce a raina ai wuta ta mutu tare da jitar, raɗa zan yi masa shi kaɗai ya ji. Na matso da bakina, na jero su duka ukun.

Jitar ce kawai ta mutu. Abin maganar da ransa. Kuma an saita shi don waƙa, irin saitin nan da kowace kalma take maimaita kanta tana tafiya. Na tsaya ina jin muryata tana kiran sunan surukina daga wannan katanga zuwa waccan, ta koma kan mijina, ta sake dawowa kan surukina, sau nawa ban sani ba. Ta ɓangaren mata na ji an ja salati.

Sai wani mutum a sahun gaba ya miƙe a hankali. Ya naɗe fuskarsa da jan ƙyallen nan na Larabawa, ido kawai ake gani. A kafaɗarsa Abba ne zaune, yana wasa da wani carbi da na sani sarai.

Ya ce, "Ga mu nan mu biyu. Na tsakiyan yana hanyar Madina."

Wurin ya fashe da dariya. Ni dai na zauna daɓas a kan dandamali ina kallon ɗana, ƙafafunsa biyu, hannayensa biyu, rigarsa a bushe. Kunyar sai da ta jira na gama ƙirga shi sannan ta iso, kuma da ta iso ta zo da kayanta.

Abin da ya cece ni Abba ne, da ya ja ƙyallen ya zame. Illo ya kare ido da hannu ya ƙura wa Baba kallo, sannan ya karɓi abin maganar ya ce wa yake gani kamar Sarkin Rawan Tawa. Ya shaida wa jama'a cewa a zamaninsu in wannan mutumin bai shigo fili ba, ba a fara wasa. Kafin ka ce me, duk idon da ke kaina ya koma kan mai shagon carbi. Na lallaɓa na sauka, wani bawan Allah ya miƙo min takalmina bai dube ni ba.

Mota ɗaya muka shiga bayan magariba. Mun yi nisa sai Baba ya ce, yana kallon titi, yaron ta ƙasan tamfol ya hango takalmansa ya rarrafo yana kiran Takwara, shi kuma tun ɗazu yake tunanin yadda zai mayar da shi ba tare da an san hannun da ya miƙo shi ba. Sai ya ƙara da cewa, "Kiɗan nan ya yi ƙara da yawa. Ni ban ji kin faɗi komai ba."

Na ce, "Ni ma ban ga kowa ba, Baba."

Yarjejeniyar ba ta kai ko'ina ba. Muna hawa matakala muka tarar da Hajiya zaune da waya a cinya, muryata na fita daga ciki, har an ɗauki abin an turo mata. Ta tambaye ni yaya mutanen Jarwal, ta tambayi Baba ko kayan shago sun iso lafiya. Ashe ba ƙaryar ce ta ɓata mata rai ba. Ta ce ita da aka fara gani a filin Illo, ita da Sarkin Rawa ya taka wa ƙafa don ya samu hanyar yi mata magana, ita ce aka bari tana gadin gida.

Ina cire wa Abba riga zan yi masa wanka na ga audugar tana nan a kunnuwansa. Duk faɗin Makka shi kaɗai ne bai ji uwarsa ta kira sunansa ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. In waƙa ta yi miki daɗi kina da ɗa a hannu, hannu ɗaya ya isa ɗagawa. In an ce dattijo ba ya son kiɗa, ki tambayi matarsa a ina suka haɗu. Kuma kada ki yi wa abin magana raɗa, don shi ba a Damagaram aka raine shi ba, bai san suruki ba.