Zomon Ista

Ba ƙin Malam Bitrus nake yi ba, Allah shaida. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ni ke koyar da tarihi a makarantarmu ta Gwarzo, amma duk mai tambaya sai ya wuce ni ya nufi wannan malamin lissafi ɗan Kagoro. Har shugaban makaranta!

Da Bitrus ya gayyaci malamai cin shinkafar Ista, na ce yau ranata ce. Na karanta a waya cewa daga wata gunkiyar Turawan dauri aka samo sunan bikin, ƙwai da zomo kuma alamominta ne. Na je Kabo na sayo zomo, na rina ƙwai da lalle, don kowa ya gani a ƙasa.

Ana cikin hira na miƙe, zomo a hammata, na yi gyaran murya na zuba jawabi.

Bitrus ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Masana na gardama a kan wannan, Malam. Mu dai a ƙauyenmu akuya muka sani. Gudummawa ka kawo?"

Bai rufe baki ba matarsa ta miƙo mini wuƙa, wai in yanka don Musulmi su ci. Na yanka. Aka yi farfesu, shugaban makaranta yana lashe yatsu yana cewa, "Kai, Bitrus ya iya karɓar baƙi!"

Har yau in na ratsa Unguwar Tudu sai wani ya ɗago hannu: "Malam, ya aiki? Zomon ya fara ƙwai kuwa?"