Gishirin Albasar Halime

Ranar Talata, uku ga Nuwamba 2015, Halime ta fara ganin taubashinta Hayatu a tashar motar Garwa. Mahauci ne, ɗan ƙanwar babanta, ya baro Kolofata da iyalinsa da wuƙaƙensa bayan tashin hankali ya hana shanu shigowa kasuwa. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma kafin ya sauke jaka ta kira shi bawanta, shi kuma ya kira ta guntuwa.

Bayan mako shida za ta bikin suna a garin Gidar, ta bar masa lambunta na bakin kogin Binuwai: fangali arba'in na albasa, da guda ɗaya a can ƙarshe na albasar iri wadda ta gada wurin babanta, in ta mutu babu inda za a samo irinta. Saƙo ɗaya ta bari, ya sayo gishiri ya sa wa shuka. Haka masu lambu suke kiran farin takin zamani. Kwananta huɗu, ta dawo da hantsi ta tarar da shi a bakin lambu.

"Maraba da guntuwa! An cinye ragon mutane an dawo. Ya hanya?"

"Lafiya lau, bawana. Ya ka ji da warin tumbi? Ka yi aikin da na sa ka?"

"Na yi har na wuce. Ki shiga ki gani, sannan ki durƙusa ki gode."

Ta shiga. Ta yi taku uku ta tsaya cik. Ganyen albasar da ta bari tsaye kore shar ya kwanta, bakinsa ya yi ruwan ɗorawa, ga ƙasa kuwa jiƙe sharkaf. A gefen kowane fangali wani farin ɓawo ya fito.

"Innalillahi! Hayatu, wuta ka sa musu?"

"Wace wuta? Barci suke. Sun ci sun ƙoshi, halin uwar ɗakinsu."

Ta dangwali farin nan ta ɗora a harshe, ta tofar da sauri.

"La ilaha illallahu! Wannan ai gishiri ne!"

"To da me kika aike ni? Sukari?"

"Gishirin miya, Hayatu! Na miya!"

"A'a, kada ki ci mini fuska. Na jima ne, mai manyan ƙwayoyi, wanda muke barbaɗa wa fata. Ni zan kawo wa 'yar kawuna ƙaramin abu?"

"Angire nake nufi! Taki! Farin nan na butik ɗin Théodore, shagon kayan noma!"

"Ki ce taki mana. Mutanen Garwa, baki har kunne, amma abu biyu suna ɗaya. Mu a Kolofata in an ce gishiri, gishiri ne."

"Ba ka tambayi kowa ba?"

"Mai sayarwa ya ce shanu nawa na yanka. Na ce ba shanu ba ne, albasa ce. Ya dube ni, ya dube ni, ya ce Allah ya ba da sa'a."

"Ka ji mutum! Shekara arba'in kana yawo da kan bijimi a wuyanka. Nawa ka zuba?"

"Yadda ake yi wa fata. Sai na ga ƙasa ta yi fari tas, sannan na sakar mata ruwa. Kullum sai na ba su, safe da yamma. Ƙishirwa dai ba su yi ba."

"Ƙishirwar ce ta kashe su, sarkin wawaye."

"Cikin ruwa tsundum? Guntuwa, rana ta buge ki a mota."

"Tsaya. In ka barbaɗa wa ɗanyar fata gishiri, me yake yi mata?"

"Ya tsotse ruwanta kaf, ta bushe ƙarau."

"To saiwar albasa fa?"

Hayatu ya dubi fangalin, ya cire hula, ya dafe ƙeya.

"Subhanallahi! Kina nufin jeme su na yi?"

"Da ransu! Ruwa na gabansu ba su iya sha, nasu ma ana zuƙewa. Fangali nawa?"

"Goma sha takwas."

Halime ba ta iya duban ƙarshen lambun ba.

"Na irin Baba fa?"

"Wannan ai na ajiye masa kaso biyu. Na ce babba ne, a girmama shi."

"Ka zuba?"

"Jiya na ɗauko buhun zan zuba..."

"Hayatu, ka zuba ko ba ka zuba ba?"

"Sai mai shayi ya wuce. Na ce bari in kurɓa. Daga nan inuwar mangwaron nan ta kama ni, ban farka ba sai la'asar."

Halime ta ruga a guje, mayafi na jan ƙasa. Albasar iri na nan tsaye, buhun na jingine a gefenta, bakinsa ɗaure. Ta zauna daɓas a kan kunya tana haki.

"Alhamdu lillahi da Allah ya yi ka malalaci! Da ka gaji ƙwazon gidanmu, da yau na shiga uku."

"Kin ga amfanin ɗan mace. To ina tukuicin barcina?"

"Ga shi can, fartanya. Ka kankare farin nan duka, ka haƙa rariya, mu yi ta kora ruwa har ƙasa ta daina ɗanɗanon kilishi."

"Ni Hayatu, mai kayar da bijimi, in koma lasar ƙasa?"

"Kowace safiya. Harshenka ne awo."

Ya fashe da dariya, ya mayar da hula.

"Na yarda, uwar ɗakina, yau kin ci. Kashin shanun mayanka, amalanke goma, kyauta. Da tozon sa guda."

"Kawo tozon ɗanye. Kada hannunka ya kusanci gishirinsa."

Fangali goma sha takwas ɗin ba su ba da ko lawashi ba a wannan rani. Sai da damina biyu ta wanke su, aka zuba takin mayanka, sannan suka koma yin albasa a 2017. Irin mahaifin Halime yana nan, ana shuka shi har yau. Hayatu ya samu teburin nama a kasuwa, ba a sake aikensa sayen taki ba.