Garava Ta Rasu da Ruwa a Bayanta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, wadda ita kaɗai ce cikakkiyar aba a ƙauyen nan cikin wannan wata, ni Stana, matar marigayi Mitar Lalovic, ta gidan ƙarshe a Orlina, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da mutanen kwari da suka saba toshe hanci idan ta wuce, cewa motar ruwanmu, Garava, ta riga mu gidan gaskiya. Ta cika ranar Talata, tara ga Agusta, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, a kwana ta bakwai ta hanyar da ke hawowa ƙauye, da ruwa lita dubu biyar a bayanta. Ta yi shekara arba'in da shida a duniya, ashirin da takwas daga ciki a hannunmu.

An haife ta a masana'antar wata ƙasa da yanzu babu ita a taswira. Ta yi aikin soja tana budurwa, daga nan ta koma jigilar madara a kwari, har shekarar da rijiyoyinmu suka ƙafe tun watan Yuni, Mitar ya sauka da shanu biyu ya dawo da ita. Surukata ta fito ƙofa, ta ga hayaƙin da ke biye da ita, ta ce, "Wannan ai Garava ce," sunan da muke kiran baƙar tunkiya da shi. Sunan ya bi ta har ƙarshe.

Kowa ya san rijiyoyinmu ba su da ido. Abin da rufin gida ya tara da kaka da hunturu, shi ne namu, sauran kuwa dutse ya shanye ya kai wa mutanen ƙasa. Daga tsakiyar Yuli har ruwan Satumba ya sauka, marigayiyar kan gangara sau biyu a rana zuwa marmaron da ke gindin dutse, ta hawo tana shan kwana goma sha ɗaya na hanya, ta zuba wa gida goma sha huɗu bi da bi. Ba ta taɓa tambayar wa ke gaba da wa ba. Ta shayar da wanda ya yabe ta, ta shayar da wanda ya ce a kai ta bola. Ta kai mata uku asibiti suna naƙuda, ta huɗun ba ta kai ba, a kujerarta ta haihu. Ita ce ta kai gawar Mitar coci, tana tafiya a hankali kamar ta san wanda ta ɗauko.

Ba ta da yawan magana, amma duk Orlina ta san muryarta. Da safe sai ta yi tari uku, kuf, kuf, kuf, kamar tsohon da ya sha taba, sannan ta kama dugu-dugu-dugu, kaji su watse. A kwana ta tara takan yi wani dogon nishi, wiiin, mata su ji daga gona su ce ga ta nan tafe. Idan ta shigo gari sai ta yi hon biyu, paam-paam, wato mai layi ya fito ya buɗe murfin rijiya. Bayan wannan ba ta ƙara cewa komai.

Na ajiye biro a nan na je na zura sanda a rijiyata. Taƙi biyu da yatsa uku. Jiya taƙi uku ne. Bari in ci gaba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da sitiyarinta ya dawo hannuna. Mitar ya rasu ana tsakiyar rani, mazan da suka rage a ƙauye kuwa daga mai ciwon ido sai mai rawar hannu. Ranar Lahadin farko bayan an binne shi, na ce zan tuƙa. Krsto, maƙwabcinmu na gangare, mai dawakai biyu da baki ɗaya da ya fi su gudu, ya tsaya a ƙofar coci ya ce wa maza yadda zan ji, "Mace ta sha kwana goma sha ɗaya da mota? To mu fara tona kabari tun ƙasa ba ta ƙara tauri ba." Tun ranar ban sake ce masa ko sannu ba. Idan layinsa ya zo, in ja da baya har bakin rijiyarsa, in jefa tiyo, in kalli wani wuri har ta cika. Shi ma ya tsaya yana kallon wani wurin. Haka muka yi rani goma sha ɗaya.

Jinyar marigayiyar ta yi tsawo. Tun shekara uku da suka wuce ta fara shan baƙin mai fiye da ƙima. Bara lagireto ya fara zafi a hawa, sai in tsaya a kwana ta biyar in ba ta sha daga abin da ta ɗauko, ina ba ta haƙuri. Obrad bakanike, wanda shi ne likitanta tun tana da ƙarfinta, ya sa kunne a kan injin a farkon Yuli, ya daɗe, ya ɗago ya goge hannu.

"Inna Stana, zuciyarta ta gaji. Sau ɗaya a rana, rabin tanki, wataƙila ta ga Satumba."

Na ce, "Obrad, je ka gaya wa shanun Orlina su sha rabi."

"Ni dai na faɗa miki."

"Ka faɗa. Miƙo mini murfin."

Ba zan ɓoye ba, tunda sanarwar rasuwa ba wurin ƙarya ba ne: ban rage mata ko lita ɗaya ba. Kwana hamsin da biyu ba a yi ruwa ba. Ganyen dankali ya kwanta a kunya, wake ya zubar da fure, tumaki sun daina kiwo sun koma tsayuwa a bakin kwami suna kallon mutum. Na riƙa loda mata cikakken tanki sau biyu a rana, ranar Litinin ma sau uku. Idan akwai mai alhakin ranta, ba sai an nema da nisa ba.

Ranar Talata na ɗauko Iya Borka daga asibitin kwari, tsohuwa mai shekara tamanin da uku wadda kunnenta ya yi nauyi, tana zaune a gefena da jakar magani a cinya. Mun wuce kwana ta shida lafiya. A ta bakwai, inda hawan ya fi tsayi, rami kuma yana bayanka, sai Garava ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, ƙwas, ƙwas, kamar ana sara itace a cikinta. Sai shiru. Wannan shirun ba zan manta da shi ba. Daga nan muka fara komawa da baya.

Na take birki, ya nutse har ƙasa. Na ja na hannu, ya riƙe kaɗan ya saki. Nauyin ruwa na jan mu, a madubi ba na ganin komai sai sarari. Na karya sitiyari da duk ƙarfin da Allah ya bar mini, na ba dutse bayanta. Ta daki bango da wani irin gumm, ruwan ya yi tsalle a cikin tanki, ta girgiza sau biyu, ta tsaya. Tayar gaba ta dama tana taki ɗaya daga bakin rami.

Iya Borka ta ɗago kai ta ce, "Mun iso ne, 'yar nan?"

Na ce, "Saura kaɗan mu iso, Iya. Zauna."

Da na zagaya baya sai na ga tankin ya tsage a ɗinki, ruwa na tsartuwa kamar kaurin yatsa biyu yana bin kwalta. Na cire ɗankwalina na cusa, na cire safa na ƙara, bai tsaya ba, ya dai ragu. Na koma na ɗora tafin Iya Borka a kan hon na ce kada ta ɗaga ko da Mala'ika ya ce ta ɗaga, ni kuma na koma na danne tsagar da kafaɗa. Wannan ce maganar marigayiyar ta ƙarshe, paaaaam, doguwa, ba yankewa, tana bugun duwatsu tana dawowa, tana raguwa a hankali har batir ya ƙare. A shekara ashirin da takwas ba ta taɓa yin irinta ba, shi ya sa Orlina ta gane.

Wanda ya fara isowa Krsto ne. Ya yanko ta hanyar awaki da dawakansa biyu, jarkoki na kaɗawa a gefensu, mutum mai shekara saba'in, yana haki kamar zai faɗi. Ya kinkimo duwatsu ya tokare tayoyi huɗu. Ya leƙa ramin, ya dubi inda tayar ta tsaya, ya dubi bangon da na ba ta. Sannan ya dube ni, ina jiƙe sharkaf, kaina ba ɗankwali.

"Shekara goma sha ɗaya ina jira ki jefa ta rami," in ji shi. "Ga shi ita ta gaji kafin ke."

"Kama tiyo, Krsto. Bakinka ba ya shayar da saniya."

Ya kama. Can yana cika jarka, bai ɗago ba, ya ce, "Mitar ma da ba zai iya karya sitiyari haka ba." Na ji, kuma na rubuta a nan don a san ya faɗa.

Kafin azahar duk wanda ke iya tsayuwa da ƙafarsa ya sauko: da bokiti, da baro, da tukunyar cuku, da kwanon wankan jarirai da aka daina amfani da shi tun tuni. Kwanar hanya huɗu ce tsakanin wurin da ƙauye, a tsakiyar rana. Muka yi ta hawa da sauka har yamma. Daga lita dubu biyar mun tsira da kamar dubu uku, sauran kwalta ta sha. An raba a ƙofar coci bisa yawan dabbobin kowa. Idan ba wanda ya yi wanki, zai kai mu ranar Litinin.

Na sake fita yanzu saboda iska ta juya. Akwai wani ɗan gajimare a kan tsaunin yamma, bai fi girman tunkiya ba. Na tsaya har ya narke.

Marigayiyar ta rasu ta bar gida goma sha huɗu, mutum talatin da ɗaya, yawancinsu masu furfura. Shanu sha tara. Tumaki ɗari biyu da 'yan kai. Gonakin dankali da suke buƙatar sha ɗaya tak kafin a tone su. Tiyo mai faci shida. Da Obrad, wanda ya zo ya buɗe injin, ya cire hula, ya rufe. Ta kuma bar ni, da hannuwa biyu da ba su san abin da za su yi da ƙarfe shida na safe ba. Ofishin gunduma ya yi mana ta'aziyya ta waya, ya ce tankarsu na zagaya ƙauye ashirin da biyu, za ta iso mu idan layi ya zo. Ɗana Nenad, da ke aiki a birnin bakin teku, shi ma ya kira. Ya ce, "Mama, ya isa haka. Ki sayar da shanun. Ranar Asabar zan zo da mota in ɗauke ki, ɗakinki na nan, famfo a cikinsa." Na ce masa layin ba ya ji sosai.

Ga yadda aka tsara jana'iza.

Ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, tarakta daga ƙauyen Dubrava za ta jawo gawar daga kwana ta bakwai zuwa filin tsohuwar makaranta. Ni zan riƙe sitiyari. Ba za a yi mata wanka ba, kuma ita ce ta farko da za ta fahimci dalili. Obrad zai sauke tankin ya yi masa walda, a girke shi a ƙarƙashin indararon makaranta, don ya fara tara mana tun daga ruwan farko. Sauran jikin zai kwanta a gindin bishiyar goro ta bayan aji, fuskarta na kallon hanya. Fada, limamin cocinmu, ya ce shi ba ya yi wa mota addu'a, amma ya yarda zai zo ya yi roƙon ruwa, kuma ba zai tsaya nesa da ita ba.

Ba za a dafa alkamar makoki ba, tana cin ruwa. Akwai burodi da cuku, da kofi ɗaya ɗaya na gahawa. Kowa ya zo da kofinsa, don ba mai wankewa. Kada a kawo furanni. Wanda kuka ya zo masa ya daure ya kai gonar dankali.

Ba za a yi zaman makoki ba, babu mai lokacin zama. Da an gama, masu ƙafa za su bi Krsto da dawakai zuwa Ramin Ƙanƙara da ke ƙarƙashin ƙololuwa, tafiyar awa uku, inda kakanninmu suke saro ƙanƙara da gatari su naɗe ta da ciyawa da fatar tunkiya su sauko da ita. Shi kaɗai ya rage da ya san hanya. Ya ce rabonsa da wurin shekara talatin, bai san ko da saura a ciki ba. Mai gatari ya wasa shi. Mai igiya ya zo da ita.

Wanda kuma ya riga ni samun Nenad a waya, ya gaya masa ya zo ɗin, ana maraba da shi. Amma ya cire kujerar baya tun daga can, ya cika wurin da jarkoki, ya tsaya a marmaro ya cika su. Kujerar ba za ta yi masa amfani ba, ni da gatari zan hau dutse.