Rasuwar Sonatar Marigayi Jochim a Bokitin Kayan Cikin Kifi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci a toshe, Detlev Brockmöller, mai goge a cocin unguwar masunta ta Lübeck a ƙasar Jamus, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar sonatar nan, wato rubutaccen kiɗa na goge biyu da babban goge, wadda wansa marigayi Jochim ya rubuta da hannunsa. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara talatin da ɗaya.

Marigayiyar mai kunya ce. A hankali take buɗe baki, sai an saki jiki ta kwasa da gudu. Ba ta taɓa zuwa gidan rawa ba, ba ta taɓa tashin jaririn maƙwabta ba. Takarda uku ce duk duniyarta, kowane makaɗi da tasa, kuma babu kwafinta ko'ina.

Ba ta yi jinya ba. Wiebke, matar ɗan Detlev, ita ta gyara kifi ta rasa abin ƙunshe kayan ciki, ta je kan teburin surukinta ta duba takardun nan uku. Ta babban goge ta ɗauka, wadda sauran biyun ke tsaye a kanta, ta ƙunshe kayan cikin da ita ta jefa a bokiti. Da aka tambaye ta, ko a jikinta.

"Haba Baba, ai sai da na duba. Wadda ba ta da rubutu da yawa na ɗauka."

Detlev da kansa ya naɗe hannun riga ya zura a bokitin kayan cikin kifin da ke bayan gidan. Abin da ya fito da shi ba ya faɗuwa gaban mutane. Tawada ta narke cikin matsarmama, ƙaya ta huda layuka, kyanwar maƙwabta ta riga ta yi gaba da kashi na uku na kiɗan.

An garzaya wurin Hinrich Tödt, mai babban goge, wanda ya kaɗa wannan takarda kowace Lahadi tun da Jochim ya kwanta ciwo, ko zai rubuto ta da ka. Ya yi layi huɗu ya ajiye alƙalami. Wai shi idonsa ke karantawa, hankalinsa kullum yana kan gasasshiyar agwagwar da za a ci bayan an tashi. Detlev ya ce wannan magana ta fi bokitin wari.

Ta bar marayu biyu, takardar goge na ɗaya da ta goge na biyu, masu kira babu mai amsa musu daga ƙasa.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a ɗakin sama na gidan Brockmöller. Ba za a ba da abinci ba. Goge biyu za su kaɗa abin da ya saura. A tsakiya akwai wurin da dukansu ke tsayawa, babban goge ya yi magana shi kaɗai, wurin da Jochim ya saba kaɗawa da kansa kafin ciwo ya kwantar da shi. Nan za a ji shiru na ɗan lokaci. Ana roƙon jama'a kada su yi tafi, ba a gama ba.