Barau da Kujerar Manaja

Shekara goma sha ɗaya Barau yana dakon buhuna a wani kamfanin casar shinkafa, ko ciwon kai bai taɓa hana shi fitowa ba. Ran nan ƙafarsa ta zame yana loda mota, buhu ya bi shi ya danne, ƙashin baya ya goce. Allah ya sa kamfanin ya saka ma'aikatansa a inshora, ita ta ɗauki nauyin asibiti da gashin baya wata takwas cur. Da ya miƙe, likita ya rubuta cewa zai iya aiki, amma shi da ɗaukar kaya har abada, sai dai aikin zaune. Barau kuwa a matse yake ya koma. Ga 'ya'ya shida, ga zaman gida ya ishe shi, har maiɗakinsa ta fara miƙo masa tsintar wake.

Malama Asabe, jami'ar inshorar, ta sa shi gaba har ofishin manaja. Manajan nan ma'aikata ba su san tsawonsa ba, don ba wanda ya taɓa ganinsa a tsaye. Kujerarsa mai juyawa ce, da matashi biyu, ko ruwan sha sai an miƙo masa.

Malama Asabe ta ajiye takardar likitan a gabansa ta ce, "Yallaɓai, ga Barau mun dawo muku da shi. A ba shi ɗinkin bakin buhu, daga zaune ake yi. Benci da keken ɗinkin ma mu za mu kawo. Sa hannunka kawai ya rage."

Manaja ya ɗan juya kujera, ya dubi Barau sama da ƙasa. "Malama, nan fa ba asibiti ba ne. Ya je gida ya huta, mun gode."

Barau ya miƙo hannuwansa biyu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, hannuwana lafiyarsu lau. A gwada ni ko na mako guda ne."

"Kai Barau, ka ji ni da kyau. Kamfanin nan ba ya ajiye mutumin da zai zo ya zauna tun safe har la'asar."

Barau ya gyara tsayuwa a kan sandarsa, ya ƙare wa kujerar kallo, sannan ya ce cikin ladabi, "Haka ne, ranka ya daɗe. Ni dai ga takardata, likita ne ya ce in zauna. Kai wane likitan ne ya rubuta maka taka?"