Kujerar da na saya wa surukina

Surukina zai fara zuwa gidana a unguwar Jarwal, nan ƙasa mai tsarki, sai na shiga kasuwar gwanjo ta Hindawiyya na sayo masa kujera mai hannuwa da murfi, har da ɗan bokiti a ƙasa. Mai shagon ya ce sunanta komod, wai daga Latin, ma'ana mai sauƙaƙa rayuwa. Na ce wallahi Rumawa sun san girma!

Na cika bokitin da dabinon ajwa, na girke kujerar gaban baƙi.

"Baba, tafaddal, ga wurin zama. Dabino na ƙarƙashinka."

Ya ɗaga murfin, ya daɗe yana kallo. "Ɗana, a kan irinta na yi bayan gida wata guda a asibiti."

Har yau in na shiga gidansu, ƙannen matata sai su tambaya, "Yaya, zama za ka yi ko uzuri?"