Katangar Kakana a Motsi na Shida

"...lafiya lau na kwana, tunda ban yi mafarkinki ba. Ya gajiyar shan kaye?"

"Gajiya ta bi lafiya, Tsoho. Yau zan rushe maka katangar nan, ka nemi inda za ka fake."

Haka muka gaisa da kakana a safiyar Lahadin nan. Yana zaune a ɗakinsa, tsakanin agogunan da ya bar gyarawa tun da idonsa ya fara dushewa, kowanne ya tsaya a lokacin da ya ga dama. Allon wasan ces, darar nan mai sarki da dawakai, yana kan tsohon teburin aikinsa. Shekara arba'in yana ɗaukar baƙaƙen 'ya'ya, yana buɗe wasa da tsari ɗaya: ya tura soja taki ɗaya, ya tokare shi da wani, ya jera kowa a bayansu, ya zauna yana jiran mai gaggawa ya fasa kansa. Wannan tsarin yake kira katangarsa.

Likita ya ce idon hagu ya tafi, na dama kuma in watan nan ya wuce ba a yi aiki ba, zai bi ɗan'uwansa. An ba mu Litinin a yi aikin. Shi kuwa ya rantse idonsa garau yake, kuma ba zai taka asibitin da kakata ta shiga da ƙafarta aka fito da ita a kwance ba. Da Mama ta matsa masa da kuka, sai ya ce ranar da wani ya fasa katangarsa, ranar zai je. Mako uku ina kai hari, mako uku ina kwasar kashina a hannu.

"Zauna, amaryar wahala," in ji shi. "Jiya kin ba ni doki kyauta, shekaranjiya hasumiya. Yau me kika kawo wa mijinki?"

"Wane mijin? Ni na auri kunkuru? Mutumin da tun kafin a haifi uwata bai taɓa leƙo kansa waje ba?"

"Kunkurun ne ya binne zomaye da yawa. Taka, ina jin ki."

Na tura sojan gaban sarki. Ya tura nasa, ko allon bai duba ba.

"Wannan ba wasa ba ne, Tsoho, zaman makoki ne. Ka fito fili mu gwabza in kai namiji ne."

"In fito in yi me? Mai gida ba ya bin ɓarawo titi. Ke ce mai tura sojojin gefe kamar an saki awaki, ki bar sarkinki tsirara yana jin sanyi."

"Ai hari maganin mai taurin kai ne."

"Ƙaramin sani ƙuƙumi. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"Babban da ya zuba gishiri a shayinsa jiya?"

"Da gangan na yi, ina gwada ko za ki kula da ni. Kin faɗi jarrabawa. Na sake ki, saki ɗaya."

"Na gode Allah. Rubuta mini takardar, in kana ganin layin."

Ya yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Daga kicin ina jin Mama ta daina wanke kwanonin, ta yi tsit tana saurare.

Sojojinmu suka ci juna a tsakiya, dokina ya hau ya tsaya a can. Ya fito da nasa dokin ya ajiye kusa da sarkinsa. Na lura da yadda yake yi: yatsunsa ke lalubo kan kowane ɗa kafin ya ɗaga, kuma da ya ji ƙarar nawa a kan allo sai ya amsa. Tun farko na ce zan riƙa faɗa masa abin da na taka, ya ce in na sake yi masa wannan rainin zai kore ni daga ɗakin.

A motsi na biyar, kullum dokina na biyu nake fitarwa. Sau ashirin da ɗaya na yi haka. Amma ni ce mai ajiyar takardun gidanmu, har da tsohon littafin da yake rubuta wasanninsa, kuma a cikinsa na ga wani tarko da ya zana da jan biro. Na ɗauki sarauniya na ajiye ta a gaban sarkina. A raina ina roƙon Allah ya sa ya gani, ya yi mini dariya, ko da zan sake shan kaye.

"Kin taka?"

"Na taka. Duba da kyau, Tsoho."

"In duba me? Dokin nan naki mai ciwon baya? Na san shi tun yana ɗan tsako."

"Doki ba ya tsako."

"Naki ya yi."

"Ka dai duba. Ban hana ka ba, ka ɗauki lokacinka."

"Ji mai ba ni lokaci! Ni da na gyara wa gari guda lokaci."

Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya yi kamar mai nazari, ya gyaɗa kai. Sannan ya fito da dokinsa na biyu, yadda ya saba.

Na ɗaga dokina na dire shi a gefen sarkinsa. Sojan da zai iya cin dokin ba shi da ikon gusawa, don yana matsawa sarauniyata za ta hango sarkin. Sarkin kuma ba inda zai bi, mutanensa sun kewaye shi ta ko'ina.

"Sarki ya mutu, Kaka."

"Ƙarya kike. A motsi na shida?"

"Taɓa ka ji."

Ya miƙa hannu. Ya shafa dokin, ya bi layin da yatsa a hankali, gida bayan gida, har ya iske sarauniyar tsaye. Ya daɗe riƙe da kanta.

"Yaushe wannan ta zo nan?"

"Tun ɗazu."

"Na san ramin nan," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Ni na rubuta a ƙarƙashinsa cewa jaki kaɗai ke faɗa masa."

"Ka rubuta, da manyan baƙaƙe."

"To kin ga, ashe ba kunkuru kika aura ba."

Ya ji numfashina ya canza.

"Kuka kike? Mai nasara da kuka? Wallahi ban taɓa ganin muguwar mace irinki ba. Ki yi wa makaho sata da rana tsaka, ki kuma riga shi kuka."

Tun da ciwon ya fara, ranar ce ya fara kiran kansa da wannan suna.

"Ba sata na yi ba. Sau biyu na ce ka duba."

"Kin ce. Na kuma duba." Ya saki sarauniyar. "Hazo na gani, 'yar nan. Tun watan jiya hazo nake gani. Ko fuskar nan taki da ake tsorata yara da ita na daina gani, wannan kaɗai ce ribata."

"Gobe ƙarfe takwas."

"In an makara fa? In an buɗe an ga ba abin da ya rage?"

"Sai in riƙa faɗa maka abin da na taka, ka kore ni in ka iya kama ni."

Ya yi dariya, ta gaske wannan karon, har da tari.

"Je ki ce wa uwarki ta goge mini farar rigata. Kin ci, amarya, na mayar da ke. Ga sarkina na kwantar."

Ya miƙa yatsa ya tunkuɗe. Sarauniyarsa ce ta faɗi, sarkin yana nan tsaye. Na bar shi a haka, na tashi na tafi kiran Mama.